Ko Yana da Niyyar Dawowa?

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan ta Maraɗi da ta ce da ni ƙanwarta ce da tuni ta zane ni na dawo hayyacina. Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, sunana Lailatu, a nan Agadas aka haife ni, unguwar Sabon Gari, shekaruna ashirin da biyar. Ina jiran wani mutum da ya tafi haƙar zinariya a Jado tun bayan bikin Biyanu na bara, bikin gangunan da ake yi a garinmu a farkon shekarar Musulunci. Ashiru sunansa. Sunayen duk na sauya su, domin a wurin aikina an rantsar da mu a kan sirrin mutane, amma abin da ya faru ban taɓa shi ba.

Aikin anket nake yi, wato bin gida-gida da tambayoyi. Wata ƙungiya mai binciken halin zaman iyali ce ta ɗauke mu, aka ba kowa jile, 'yar rigar aiki marar hannu mai ruwan toka, da kati a wuya da tablet. Mutum nawa ne a gidan, me ake ci, ina ake ɗebo ruwa, wa ya tafi, wa ya dawo. Ba mu muke zaɓen gidajen ba. Ordinater, wato kwamfuta, ce ke fitar da su a buro, ofishinmu ke nan, sai wasu su riga mu zuwa su rubuta lamba da alli a jikin ƙofa. Namu mu nemi lambar, mu yi sallama, mu karanta tambaya yadda aka rubuta ta, ba ƙari ba ragi. Shugabarmu Madam Biba ce, wata doguwa mai tabarau wadda ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ta ce ko kuka mutum yake yi, ki jira ya share hawaye, ki maimaita tambayar.

Duk safiyar Juma'a ake tara mu a buro, a haska mana abin da muka tattaro a jikin bango. Ni da na saba ganin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ranar da na fara ganinsu a haɗe sai da tsigar jikina ta tashi. A unguwannin da muka zaga, kusan gida ɗaya cikin uku akwai wanda ya tafi dajin zinariya. Ashe shi ya sa da Layya mata ne suka cika kasuwar dabbobi suna cinikin rago da kansu. Ashe shi ya sa sahun masallacin unguwarmu ya koma tsofaffi zalla. Kullum muna gani da idonmu, ba mu taɓa haɗa abin wuri guda ba.

Sai aka nuno na waɗanda suka wuce shekara a can. In aka ɗauki goma, huɗu sun dawo daga baya, uku suna can suna aike, biyu sun yi aure a can ko sun zarce Libiya sun kafa wata rayuwar, ɗaya kuma ba wanda ya san labarinsa. Abokan aikina suna ta rubutu, ni kuwa idona ya kafe a kan biyun nan. Har aka tashi ban ji sauran bayanin ba.

Bakina ne ya ja mini. Da na koma gida, muna cin tuwo a tsakar gida, sai na kwashe labarin kaf na faɗa, wai ni ga mai ilimi. Na manta Gwaggo Indo, ƙanwar Baba, tana zaune a gefe tana tsinke zogale. Ta ajiye tiren a hankali.

"Nawa kika ce suna dawowa?"

"Huɗu, Gwaggo."

"Cikin goma?"

"I."

"To, ke ɗiyar nan, ko akuya aka ce maki huɗu cikin goma ta kai gida da rai, kya saye ta?"

Mama ta kwashe da dariya har tana ƙwarewa. Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara kirana da sunana ba. In na shigo, "Sannu da zuwa, Huɗu-cikin-goma." In na yi kwalliya, "Huɗu-cikin-goma an sha lalle, wa za a nuna wa?" Ni na kawo bulalar da hannuna, ba ni da bakin kuka.

Baba shi ba ya wasa da magana. Dabino da gishirin Bilma yake sayarwa a kasuwa, kuma yadda yake auna dabino haka yake auna kalma. Ya kira ni bayan la'asar, ya nuna mini gefen tabarma.

"Lailatu, ba ni yi maki tilas, kin sani. Ban yi ma yayyenki ba. Amma mutanen Karim sun zo gaisuwa, sun sake zowa, ni kau ina ta ce masu a dakata. Mutanen kirki ba a barinsu tsaye bakin ƙohwa. Yaron nan na Jado ko kawunshi bai taɓa takowa gidan ga ba. In an gama Biyanu ki zo ki gaya mani abu guda. Abin da kika ce shi za a yi, amma sai kin ce."

Na ce to, kaina a ƙasa. Biyanu kuwa saura kaɗan, don har samari sun fara gwajin ganguna da yamma.

Bari in yi wa Karim adalci, domin wasunku sun mai da shi mugun labarin nan, alhali bai ci zalin kowa ba. Kayan wutar hasken rana yake sayarwa kusa da tasha. Fari ne, mai ɗan jiki, kullum cikin shadda mai guga, ga ƙamshi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kowace safiya saƙonsa ne ke fara shigowa wayata.

"Bonjour, Madame la statistique. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ya shago?"

"Alhamdu lillah. Kin san rahoton buronku na bara na karanta na ga yawancin gidajen unguwar Misrata ba su da wuta? Can na buɗe shago na biyu. Kin ga tun ba ki kula ni ba kuke ciyar da ni."

Na tura masa fuskar dariya. Da gaske na yi dariyar, ba ta ƙarya ba. Sai ya sake rubutowa:

"Ni dai ina nan. Ba ni cikin huɗu, ba ni cikin goma. Ina bakin tasha, kowa na ganina."

Kun ga har shago Gwaggo ta kai labarin. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma na san duk mace mai hankali za ta so mijin da kowa ke ganinsa. Matsalar ita ce in Karim ya yi magana kunnena ke ji, in na tuna muryar Ashiru kuwa har cikin cikina nake jin ta.

Ashiru maƙerin ƙofofi da tagogin ƙarfe ne. Shi ya yi mana tagogin gidanmu shekaru uku da suka wuce, kuma a tagar ɗakina kaɗai ya lanƙwasa wani ɗan tauraro a kusurwa, wanda ba a sa shi ba, bai kuma sa a lissafi ba. Baƙi ne siriri, hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta, ba ya iya kallon mutum ido cikin ido sai ya yi murmushi. Ya ce ba zai turo kawunsa wurin Baba hannu sake ba, sai ya gina ɗaki ya buɗe wurin aikin kansa. Shi ya sa ya bi ayari. A can babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai wayar Turayya ta tauraron ɗan'adam da ake biya a yi kira, kuma ba ya wuce sati biyu bai kira ni ba. Kira na ƙarshe a cikin azumi ne, ina soya ƙosan buɗa baki.

"Laila, ramin nan ya hwara nuna alama. Ki ƙara mani haƙuri kaɗan. Kina jina?"

"Ina jinka."

"In na zo, ranar da na sauka ba ni ko shiga gida sai na..."

Sai layin ya yanke. Ƙosai ya ƙone a kasko, na sha faɗan Mama. Har yau ban san ƙarshen maganar nan ba, kuma babu irin ƙarshen da ban ƙirƙira mata ba. Azumi ya wuce, ƙaramar Salla ta wuce, Layya ta wuce. Duk lambar da ban sani ba in ta kira sai gabana ya faɗi, in ɗauka in ji wai mai neman Dauda ne ko Hajiya wance.

Da farko na ce rashin waya ne. Sai Gwaggo ta dawo daga wani suna a Dagamanet, unguwar su Ashiru, ta ce mini da gangan, tana warware ɗankwali:

"Uwar saurayinki hwa ta sa ƙohwar ƙarhe sabuwa dal, shuɗiya. Ɗa na aikowa, uwa na jin daɗi. Ke mi aka aiko maki?"

Ban yarda ba sai da na hau kabu-kabu na sa ya bi ta layin. Ga ta nan kuwa, shuɗiya, tana ƙyalli a jikin jar katanga. Ranar na yi kuka na ƙoshi. Na ce ashe yana da hanyar da zai aika wa mahaifiyarsa, ni ce dai ba ya so ya nema. Na ɗauke shi a zuciyata na ajiye shi cikin biyun nan na jikin bango, har na zana masa mata, wata doguwa mai dogon gashi a Dirku, can kan hanyar Jado. Kuma ba wanda zan tambaya. Ƙanwarsa tilo tana aure a Tawa, ba ni da lambarta. Inna Laraba, mahaifiyarsa, sau biyu kawai muka taɓa haɗuwa a biki, na durƙusa na gaishe ta na gudu. Wace yarinya ce za ta taka gidan uwar saurayi ta ce ina labarin ɗanki? Ai da Agadas ta samu abin yi da ni har shekara.

Ranar Talatar nan aka ce ƙungiyarmu Dagamanet za ta. Ba zan ɓoye muku ba, na sa atamfata ruwan goro wadda nake ajiyewa don biki, na ja kwalli, na yafa mayafi ruwan madara a kan jilen. Gwaggo ta bi ni da kallo har zaure. A buro kuma Madam Biba ta ce yau ni za ta bi ta ga yadda nake aiki.

Mun gama gida biyu lafiya. Na duba lamba ta gaba a tablet, muka karya kwana, ina bin ƙofofi da ido. Sai ga lambar an rubuta da farin alli ɓaro-ɓaro a jikin shuɗiyar ƙofa.

Dokar aikinmu a fili take. In gidan da aka ba ki kin san mutanensa, ki faɗa, a musanya miki da wata. Na buɗe baki zan faɗa, Allah ya sani na buɗe. Sai na tuna abin da ke cikin kashi na biyar na tambayoyin, kashin waɗanda suka yi tafiya. Abin da kunya ta hana ni tambaya wata da watanni, ga shi an rubuta mini shi, an kuma ce dole in karanta. Na rufe bakina na ƙwanƙwasa.

Inna Laraba da kanta ta buɗe. Ta rame fiye da yadda na san ta, tana ɗaure da zane baƙi mai rini, da carbi a wuyan hannu. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

Ta dube ni, ta dubi Madam Biba, ta dubi katin wuyana. Na ga ta gane ni sarai, amma ko a fuska ba ta nuna ba.

"Lahiya lau, yarinya. Ku shigo daga rana."

Ta shimfiɗa mana tabarma a rumfa, ta kawo fura da cuku da dabino a kwanon sha. Tsakar gidan a share tas. A kusurwa akwai turke biyu da igiya amma ba dabba ko ɗaya, a gefe kuma ga wasu sandunan ƙarfe an jingine, sun fara tsatsa. Na kawar da idona daga kansu. Na yi bayanin aikinmu yadda aka koya mana, ta ce ta yarda.

"Inna, mutum nawa ne ke kwana a gidan nan, suke kuma ci daga tukunya ɗaya?"

"Mu uku. Ni, da Malam Bahago wan mai gidana marigayi, shina masallaci, sai yaron nan."

Madam Biba ta gyara tabarau. "Yaron shina gida?"

"Ya yi tahiya."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Biyanun bara."

"To, Inna, ku yi haƙuri, a ƙa'idarmu wanda ya wuce wata shida ba shi gida ba a sa shi cikin masu cin tukunya. Akwai wurin da za mu rubuta shi daban."

Inna Laraba ta ja carbinta.

"Ni dai ban taɓa aza tukunya ban sa rabonshi ba. In dare ya yi in ba maƙwabta. Amma ku kuka san aikinku."

Na danna biyu. Muka bi ta ruwa, muka bi ta abinci, muka bi ta lafiya, ina karantawa ba na ko fahimtar abin da nake faɗa, har muka iso kashi na biyar.

"Mene ne sunan wanda ya yi tafiyar?"

Ta sunkuyar da kai. Na manta shaf, ɗan fari ne. Tunda ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ba kuma yau za ta fara a gaban baƙi ba.

"Ku jira Malam ya dawo ya hwaɗa maku," ta ce a hankali.

Madam Biba ta duba agogo. Ni kuwa ban san lokacin da yatsuna suka rubuta ba, sunansa da na mahaifinsa, har da shekarunsa a layi na gaba. Da na ɗago sai na ga idon Madam a kan tablet, sannan ya dawo kaina. Ta naɗe hannu kawai.

"Ina ya tafi?"

"Jado."

"Yana aiko muku da wani abu?"

"Da yana yi. Rabona da aike tun kahin azumi."

Na ɗago da sauri. Wannan ba ya cikin tambayoyin, amma ya kuɓuce mini: "Ƙofar fa, Inna?"

"Ƙohwa? Ruwan bara ya ci tsohuwar, gida ba namiji mai ƙarhi. Awakina biyu na saida na sa ta." Ta dubi sandunan nan na gefe. "Da shina nan ai ba ni zuwa wurin wani maƙeri."

Na koma kan tablet.

"Yaushe ne ya kira ku na ƙarshe?"

"Cikin azumi. Ana gab da shan ruwa."

Saura tambaya ɗaya. Ina ganinta a gabana da amsoshinta uku a ƙasa, i, a'a, ba a sani ba. Ita ce ta sa na shigo gidan, ga shi kuma harshena ya ƙi ɗagawa. Madam Biba ta ce, "Continue, ci gaba."

"Ko yana da niyyar dawowa?"

Inna Laraba ta ajiye carbin a kan tabarma. Karon farko ta dube ni sosai, ba kallon ma'aikaciya ba.

"Ni za ki tambaya, ɗiyata? Ai ke shike kira."

"Ni, Inna?"

"Ke mana. Na gan ki bikin ɗiyar Sa'idu bayan Salla, da sabuwar waya a kunne kina ta dariya. Aka ce mani wayar mai tsada ce. Na ce alhamdu lillah, shina da rai, minti ɗin nashi ne bai isa mutum biyu ba ya zaɓi yarinya. Na ji zahi, ba ni ɓoye maki, har na yi hushi da ke. Amma da shi nike kwana. Duk sanda zuciyata ta tashi sai in ce ai Lailatu na jin muryarshi."

"Inna, da albashina na sayi wayar. Da yayata ta Yamai nake magana ranar." Na ajiye tablet a kan tabarma. "Rabona da shi tun azumi. Ni ma gab da shan ruwa. Na zaci ku yake kira."

Daga nesa ana jin gangar samari. Na ga leɓen Inna yana motsi, na ga hannunta yana lalubar carbin bai same shi ba, alhali ga shi nan kusa da gwiwarta. Wata huɗu kowaccenmu tana jin haushin 'yar uwarta, kuma da haushin take samun barci. A zama ɗaya na ƙwace mata nata, ta ƙwace mini nawa. Duk kallon da na yi wa bangon buro, biyun nan nake kallo, ban taɓa sauke ido kan na ƙarshen ba, ɗayan da ba wanda ya san labarinsa.

Ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina a jikinta, jile da kati da komai, tana riƙe da kaina tana cewa, "Yi shiru, ɗiyata, yi shiru," alhali nata hawayen na zuba a kan mayafina. Ta ce wani da suka tafi tare ya dawo kafin Layya, ya ce mata sun rabu a Sigidin, wani gari kusa da Jado, Ashiru ya bi wasu zuwa wani sabon wuri, bai san ko ina ba. Ita ba ta tsananta bincike ba, tunda a ganinta ni ina da labari.

Madam Biba ce ta ɗauki tablet ɗin daga kan tabarma. Ban ga abin da ta danna ba. Ta yi wa Inna godiya da ladabi, ta ce Allah ya bayyana shi, ta fita. Na ƙara durƙusawa, Inna ta riƙe wuyan hannuna.

"Gidan ga naki ne. Ki bar jin kunyata, kunyar ta ishe mu haka."

A waje rana ta take. Madam na tsaye a inuwar katanga, fuska ba annuri.

"Kin san gidan, ba ki hwaɗa ba. Wannan hira ta lalace, sai an sake turo wata gobe, tsohuwar nan ta sake amsa tambayoyin ga tun daga hwarko. Kin ga abin da kika ja mata?"

"Ki yi haƙuri, Madam."

"Haƙuri ba ya gyara chiffres, ba ya gyara lissahi." Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ƙungiyar da za ta Kawar, can hanyar Jado, ba ta da mace. Bilma, Dirku, Sigidin, har sansanin masu zinariya in hanya ta yi kyau. Matan can ba su amsa ma maza tambaya, na nemi wadda za ta, kowa ta noƙe. Wata biyu ne. Da ayarin Litinin za su tashi, Litinin ta bayan Biyanu."

Wayata ta yi motsi a aljihun jile. Na san Karim ne, lokacin saƙonsa na rana ya yi. Ban ciro ta ba.

"Écoute-moi bien, ki saurare ni da kyau," in ji Madam. "Ba neman saurayi za a tura ki ba. Gidan da aka ba ki lamba shi za ki shiga, ba wanda ranki ya so ba. Kina iya zuwa ki dawo ba ki ji ko sunanshi ba."

"Ki sa sunana, Madam."

"Babanki hwa?"

"Ban tambaye shi ba tukuna."

Ta mai da tabarau, ta miƙo mini tablet, ta yi gaba abinta.

Na tsaya a bakin ƙofar. Na san abin da ke jirana a gida: Baba a kan tabarma yana jiran kalma ɗaya, Gwaggo da bakinta, da bawan Allahn da ke bakin tasha wanda bai yi mini laifin komai ba. 'Yan uwa, tun azumi nake roƙon Allah a kowace sujada kada ya zama Ashiru ya manta da ni. A wurin nan na juya addu'ar. Allah ya sa mantawa ya yi. Allah ya sa in yi sallama a wata ƙofa a Sigidin in same shi zaune a inuwa, ya yi ƙiba, wata mace tana zuba masa shayi. Zan zauna a tabarmarta, in tambaye ta mutum nawa ke ci daga tukunyarta, in rubuta shi a gidanta da hannuna.